Man Keke a Kuncina

Duk wadda ta taɓa rasa miji a cikinku, 'yan uwa, ta san abin da zan faɗa: mutane za su ba ki lokacin kuka, amma agogon yana hannunsu. Ni nawa agogon a hannun Yaya yake, babban wana, wanda na koma gidansa tun bayan rasuwar mijina Dogo.

Da safe ne, ina bakin famfo ina ɗauraye kofunan shayi. Tsohuwar rigar Dogo ce a jikina, mai ruwan ƙasa, na naɗe hannuwanta, don in na sake su sai sun rufe min yatsu. Yaya ya fito yana neman makullin babur, ya tsaya a bayana ya yi gyaran muryar nan tasa mai nufin akwai magana.

"Mai Hoto ya sake tare ni jiya."

Na ce, "To."

"To me? To ai ba amsa ba ce. Manyansa na son zuwa ƙarshen makon nan. Na gaji da ce wa bawan Allah kina tunani. Wane irin tunani ne wannan, jirgin sama za ki ƙera?"

Auta, ƙanwarmu, tana dokin ƙofa tana ɗaura igiyar takalmi, ta ce, "Yaya, ai ko a waya ba ta sa sunansa ba. Wurin Aiki ta rubuta. Sai ka ga Wurin Aiki ya turo saƙo da jar zuciya a ƙarshe."

"Ƙarya kike, bai taɓa turo zuciya ba."

"Au, ashe kina dubawa."

Na watsa mata ruwan kofi, ta kauce tana ƙyalƙyala dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi, ta dube ni, ta ce, "Ba mai yi miki dole, 'yar nan. Amma rigar nan wuyanta ya fara cinyewa."

Na juya na ci gaba da wanke kofin da na riga na wanke.

Bari in koma baya, don ku san wane ne Mai Hoto da yadda aka yi na san shi.

Kun san mutanen nan na cikin wasannin waya da finafinai, waɗanda ba uwa ce ta haife su ba, kwamfuta ce ta ƙera su? To jikinsu ana ƙera shi ne sumul kamar 'yar tsana, ba tabo, ba ƙofar gashi, ba komai. In aka bar su haka, ko yaro ya san ƙarya ne. Sai an sa musu fata irin ta ɗan Adam. Ita kuwa fatar a jikin mutane na gaske ake ɗauko ta, da kyamara. A irin wannan wurin nake aiki, a hawa na biyu na wani bene, saman shagon masu sayar da fanka.

Tun Dogo na da rai na fara taka wurin. Wata maƙwabciyarmu ce ke aiki a can, mai kwalliya ce a da, amma a wurin aikinta shi ne goge kwalliya, shi ya sa kowa ke ce mata Anti Goge. Ita ta ce suna neman mace wadda ba ta taɓa shafa man canja launi ba, fuska da wuya kawai za a ɗauka. Na ce sai na tambayi maigidan. Dogo ya yi ta dariya, ya ce, "Wato fuskar da nake gani kyauta ita za a kai kasuwa?" Shi ya kai ni da kansa. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, ranar ma daga shagon wani tela ya biyo ya ɗauke ni, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

Anti ta sa min wata matsattsiyar hula ta tattare gashina, ta goge min fuska da auduga har sai da fatar ta yi kamas. Ta ɗaga min yatsa ta ce, "Dokar wurin nan ɗaya ce. Da zarar na goge, ba mai taɓa fuskar nan. Ko ke mai ita. Ko ƙuda ne ya sauka, ki kira ni." Daga nan aka shigar da ni cikin wani abu kamar ƙaton kwando da aka kife, fitilu da kyamarori ta kowane gefe, aka ce kar in yi murmushi, kar in ɗaure fuska, in zama kamar ba kowa a cikina. Dogo kuwa yana bayan gilashi yana ta kumbura kumatu don in yi dariya. Haske ya yi wal, wal, wal. Shi ke nan, aka ce an gama.

Ba a daɗe ba ciwon ciki ya kwantar da shi. Muka je asibiti da ƙafarsa, ba mu dawo tare ba. Wannan ba zan iya ba ku labarinsa yau ba.

Da na gama zaman gida, Anti ta ga ina neman lalacewa, kullum ina ɗaki ina kallon kan keken da ya bari bai gama gyarawa ba. Ita ta roƙi Manaja aka ɗauke ni in riƙa taya ta. Yanzu ni ma na iya: in sa hula, in goge fuska, in ɗaga wa mutum yatsa in ce kar ya taɓa.

A nan na san Mai Hoto sosai. Gajere ne, 'yan uwa, ban fi shi tsawo ba, shi ma bai fi ni ba. Yana da gilashi, kuma duk kayansa ruwan toka ne, riga da wando har safa. Na zaci rowa ce ko rashin mai zaɓa masa, sai Anti ta ce a'a, in ya sa ja ko kore, launin yana komawa kan fatar wanda ake ɗauka ya ɓata hoton. Shi ke ɗauka, shi ke zama ya gyara. Ba shi da hayaniya. Soyayyarsa ma haka take, shiru-shiru. Kullum in na tashi aiki sai ya turo: "Kin isa gida lafiya?" In rubuta: "Eh." Wata rana na rubuta "Eh, na gode," ya amso da cewa: "Yau na samu ƙari."

Ba na ƙinsa. Wallahi ba na ƙinsa. In ya shigo ɗakin goge fuska nakan ji na gyara zaman mayafina ban sani ba. Amma da na fara tunanin in ce to, sai in ji kamar na rufe ƙofa na bar Dogo a waje, yana tsaye da jakarsa.

Abu ɗaya ke damuna a wurin. Duk waɗanda aka ɗauka lokaci ɗaya da ni an yi amfani da fatarsu. Mai gadinmu ma goshinsa na can a kan wani jarumin yaƙi mai takobi, kullum sai ya nuna wa masu fanka a waya yana cewa, "Ku dubi layukan nan, nawa ne, da wahalata na same su." Ni kuwa tawa shiru. Na tambayi Mai Hoto sau ɗaya, ya ce tana nan, ya sauya magana. Na ce a raina ba ta yi ba ce, yana jin nauyin faɗa min.

To ranar da Yaya ya ba ni wa'adin nan, na isa aiki na tarar Manaja a tsaye a kan Mai Hoto. An yi odar mace mai irin launina da shekaruna, ana so kafin mako ya fita.

"Ai muna da ita," in ji Manaja, yana nuna ni da biro. "Ga mai fatar ma. Me ya hana ka gamawa tun tuni?"

Mai Hoto ya ce, "Akwai ɗan gyara."

"To a gyara."

Wajen azahar, ina wanke kwanon auduga, waya ta yi ƙara a aljihun doguwar rigata. Wurin Aiki. Ga shi bango ɗaya ne tsakaninmu.

"In kin samu sarari ki shigo. Akwai abin da ya kamata in nuna miki tun da daɗewa."

Ɗakinsa ƙarami ne, labule a rufe kullum saboda haske, sanyin na'ura kamar cikin firji. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, shi ya tsaya. A allon kwamfuta na ga fuskata, amma ba yadda kuke zato ba. An buɗe ta an shimfiɗe kamar fatar da aka jeme aka shanya, kunne can, kunne can, wuya a baje a ƙasa. Na saba ganin na mutane haka, amma tawa sai da tsigar jikina ta tashi.

Ya ce, "Kin san kowace fuska iri biyu muke ɗauka. Wannan na launi ne, ba shi da matsala. Ga na sheƙi."

Ya danna. Fuskar ta koma baƙi da toka, ba launi, sai inda fata ke ƙyalli. Kowace ƙofar gashi ta fito. Ya ja hoton zuwa kuncina na hagu, ƙasan ido kaɗan, ya ƙara girmansa, ya ƙara, har wurin ya cika allon.

Zanen yatsa ne. Babban yatsa, layukansa a nannaɗe kamar zaren da aka naɗa a kwarkwaro, fes, kamar yanzu aka ɗora. A tsakiyarsa wani layi ya ratsa a karkace, ya yanke sauran.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

Wannan layin na san shi fiye da tafin hannuna. Tun yana yaron shago bel ɗin keke ya yanke shi a nan. In muna zaune nakan kama yatsan in riƙa bin tabon da farcena, yana cewa, "Ke dai kin samu abin wasa."

Sai abin ya dawo min, abin da na manta ƙurmus. Bayan Anti ta gama goge ni ta juya ɗauko wani abu. Dogo ya matso ya ce, "Tsaya, gashin ido ya faɗo miki." Ya sa yatsa ya ɗauke, ya hure shi, ya koma bayan gilashi kamar bai yi komai ba. Man keke fari ne kamar ruwa, ba ya barin hannunsa ko ya wanke. Ido bai gani ba. Kyamara ta gani.

Ku gaya min, 'yan uwa, ta yaya mace za ta manta irin wannan? Na riƙe ranar asibiti daƙiƙa-daƙiƙa, abin da ba na so, ga wannan kuwa na bari ya zube.

Muryar Mai Hoto na ji kamar daga nesa. "Ranar da na fara gani haushi na ji, na ce wani ya karya doka. Na ɗauki alƙalami zan share, sai ga Anti ta shigo tana kuka, ta ce mijinki ya rasu. Na ajiye. Daga baya kuma..." Ya cire gilashi ya goge da bakin riga. "Daga baya tsoro ne. Na san in kika ga wannan, ba za ki ƙara ganina ba."

Gaskiya ya faɗa. A lokacin ko inuwarsa ba na gani.

Na ce, "Ka bar ni da shi kaɗan."

Ya fita ya ja ƙofar.

Washegari da rana ta raba, ƙafata ta kai ni ɗakin. Mai Hoto ya gan ni ya miƙe. Ya buɗe hoton, ya ɗauki ledar biredinsa ya fita. Haka jibi. Na koyi inda ake dannawa a ƙara girma. Nakan zauna a sanyin nan in bi layukan da ido, in shiga in fita kamar mai yawo a unguwar da ta taso. Wani lokaci in ɗora hannu a kuncina daidai wurin, in ji ba komai sai fata. A gida kuwa Yaya ya daina magana, sai dai saƙo: "Ina jira." Ni kuma in rubuta: "To, Yaya."

Anti Goge ce ta tare ni a matattakala. Tana riƙe da ƙugu, ɗankwalinta ya zame baya.

"Zo nan, 'yar gari. Kin ga can?"

Na leƙa. Mai Hoto ne zaune a matakalar ƙasa, kusa da kwalayen masu fanka, ledar biredi a gefensa ko kunce ta bai yi ba.

"Mutum ya ce yana sonki, ke kuma kin mai da shi mai gadin kabari. Shi zai buɗe miki, shi zai rufe, shi zai zauna a rana. In ba kya yi ki ce ba kya yi, ya je ya ji da ciwonsa. Kuma Manaja ya ce gobe ne ƙarshe, in ba a ba shi fata ba ya san abin da zai yi."

Na ce, "Anti, shi ke nan abin da ya rage min nasa da yake a jikina."

"A jikinki? Ni na goge fuskar nan da hannuna da aka gama ɗauka. Kin yi wanka nawa tun lokacin?" Sai kuma muryarta ta karye, ta jawo ni ta gyara min mayafi. "Ni ma da na san yana wurin, da ban goge ba. Wallahi da ban goge ba."

Da yamma na same shi na ce ya yi aikinsa, kar a kore shi a kaina. Ya ce na asalin ba zai taɓa shi ba, kwafi zai gyara. Sai dai gyaran ba sharewa ba ne kawai, in ka share dole ka cike gurbin da fata. A ƙa'ida daga ɗaya kuncin ake ɗebowa, ni kuwa kuncina na dama akwai tabon ƙuna tun ina ƙarama, daidai wurin.

"Sai dai ki sake shiga," in ji shi. "In ɗauki kuncin kawai, in yi faci."

Da safe na sa doguwar riga ruwan toka ta Inna, don kar launi ya ɓata. Anti ta sa min hula, ta goge ni, ba ta ɗaga min yatsa ba. Na shiga kwandon na zauna. Na dubi gilashin nan. Ba kowa a bayansa sai kujerar roba.

Hawaye suka zubo.

Kun san ba a ɗaukar jiƙaƙƙiyar fuska. Anti ta shigo ta goge. Suka sake zubowa, ta sake gogewa. Ta ce, "Ke, audugar kamfani ce fa, ba ta gadonki ba." Na yi dariya cikin kuka, abin ya ƙara lalacewa, hanci ya yi ja. Mai Hoto ya kashe fitilu ya ce, "Ba sauri. A bar jan ya sauka." Muka zauna mu uku, ana jin masu fanka a ƙasa suna gwada kaya. Can na ce na shirya. Haske ya yi wal.

Na tsaya a bayansa yana aiki. Ya yanko ɗan wurin daga sabon hoton, ya ɗora a kan yatsan Dogo. Na runtse ido. Da na buɗe, yatsan ya ɓace, amma facin ya fito ɓaro-ɓaro, kamar an liƙa baƙin ƙyalle a farar riga. Ya rage duhu, ya ƙara, ya murza gefe-gefen. Ya daɗe yana yi. Launin ya daidaita, amma layukan suka ƙi haɗuwa. Na sabon sun fi zurfi, kuma akwai wasu siraran da suka gangaro daga ƙasan ido, waɗanda a tsohon babu su.

Ya ajiye alƙalamin.

"Ba za ta hau ba."

Na ce, "Ba fuskata ba ce duka?"

"Taki ce. Amma ta ranar daban, ta yau daban." Ya jera su gefe da gefe, wannan karon a dunƙule kamar fuskar mutum. "Duba."

Na duba. Ta hagu kumatunta a cike, bakinta a rufe amma dariya na neman fasowa ta gefe, an hana ta ne kawai. Ta dama kuwa ba sai an ce mata kar ta yi murmushi ba. Na daɗe ina kallon ta hagun. Ashe ba Dogo kaɗai na rasa ba. Yarinyar nan ma na yi kewarta, ita da ba ta san komai ba, tana zaune tana jira a gama su hau babur su tafi gida.

Mai Hoto ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Waccan ban san ta ba, sau ɗaya na gan ta. Wannan ce na sani."

Anti ta yi tari daga bakin ƙofa. "To malam, aiki ko zance?"

Shi ya kawo shawarar a bar faci, a ɗauke ni gaba ɗaya sabuwa, a ba Manaja ta yau. Aka sake goge ni, na sake shiga. Wannan karon ban dubi gilashin ba, na dubi ɗigon da aka ce in duba. Manaja ya zo ya gani ya ce wannan ma ta fi, tana da labari a fuska. Na ce a raina, kai dai ka samu kaya.

Da aka tashi, Mai Hoto ya biyo ni har bakin titi. Ya miƙo min ɗan abin ajiyar nan da suke kira filash, a cikin ambulan.

"Na roƙi Manaja, ya ce tunda an samu madadi, tsohuwar taki ce. Tana ciki, ita da yatsan, ba abin da na taɓa." Ya ƙara da cewa, "Na cire daga tawa kwamfutar. Gaba ɗaya."

Na ce, "Don me?"

"Don ba na son in zama ni ke riƙe miki shi. In yana wurina, kullum za ki zo, ni kuma kullum zan ji daɗi kin zo, alhali na san ba wurina kika zo ba. Ba zan iya ba. Ki ce wa Yaya duk abin da ke ranki, ba zan ƙara tare shi ba."

Ya juya ya hau bene. Ranar na isa gida, na ajiye waya a kan katifa, na yi wanka, na fito na duba. Ba saƙo. Na ci abinci na duba. Ba a tambaye ni ko na isa lafiya ba.

Auta na ba wa filash ɗin, don ita ce mai ilimin waya a gidanmu. Ta samo wata 'yar igiya ta haɗa da wayarta, ta yi ta dannawa, wayar ta yi zafi ta tsaya cak.

"Yaya ƙarama, wannan abin ya fi ƙarfin wayata. Wannan sai irin injinsu. Me ke ciki ne haka, fim?"

"Ba ruwanki."

Ta dube ni, ta ga idona, ta cire ta miƙo min da hannu biyu, ba ta ƙara tsokana ba.

Ga shi a tafin hannuna, bai kai ɗan yatsa ba, Dogo na ciki, ni kuma ba ni da idon ganinsa. Na juya shi, na kara a kunci, ƙarfe ne mai sanyi. Inna ta shigo ɗauko abu ta same ni haka. Na gaya mata komai, tun daga gashin ido. Ta zauna a bakin katifa. Can ta ce, "Mahaifinku ko hoto bai bari ba. Amma har yau in na ji an ja takalmi a ƙofa irin nasa sai na gyara ɗankwali." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ki adana shi inda ruwa ba zai taɓa ba."

Na naɗe shi a hankici, na buɗe jakar kayan aikin Dogo, na sa shi a aljihun ciki, tsakanin 'yan sukudireba da kwalbar man. Warin ya bugo ni. Na rufe jakar na rungume ta, na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti, irin wanda ba a toshe baki.

Da safe Yaya ya tsaya a bayana a bakin famfo. Bai yi gyaran murya ba. Ya ce, "Gobe ne fa." Na ce na sani. Na shirya, na tsaya a gaban jakar da mayafi a hannu. In na ɗauko filash ɗin, na san Mai Hoto ba zai hana ni ba, zai buɗe min ya fita kamar kullum. Na kai hannu kan zif ɗin. Na daɗe a haka har Auta ta ce zan makara.

A wurin aiki mun goge fuskar wani dattijo da wasu 'yan mata tagwaye masu surutu. Mai Hoto ya shigo ya fita, gaisuwa kawai. Rana ta raba. Anti ta buɗe kular abincinta ta ce in zo mu ci. Na ce ina zuwa.

Ban yi niyya ba, Allah ya sani. Na dai ga kaina a ƙofar ɗakinsa, hannuna ya riga ya ƙwanƙwasa.

Yana zaune, allon a kashe. Da ya gan ni ya miƙe, ya ja kujerar baya, ya miƙo tafin hannu ba tare da ya ɗago ido ba.

"Kawo in buɗe miki."

Na ce, "Ban zo da shi ba."

Hannun ya tsaya a iska. Ya ɗago a hankali ya dube ni ta saman gilashi.

"Kin manta ne?"

"Ban manta ba."

Na'urar sanyi na ta huci a tsakaninmu. Ƙirjina na bugawa har cikin kunne, kuma a daidai lokacin ina kewar Dogo kamar raina zai fita, duka biyun a ƙirji ɗaya, ba wanda ya matsa wa wani.

Ya ce, murya can ƙasa, "To me kika zo gani?"

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Na dubi ledar da ke gefen tebur, a ɗaure.

Na ce, "Ka ci abinci?"

Ya ce bai ci ba.